Injin da Ba Shi da Baki

Magariba ce ta ƙarshen Oktoba, irin wadda rana ke faɗuwa mutum bai gama shan shayin la'asar ba. Bukari ya hauro daga garajin da ke ƙarƙashin gidansa a Villeurbanne, kusa da Lyon a ƙasar Faransa, yana dafe da ƙugu. Ya wanke maiƙon hannunsa, ya yi alwala, ya ta da salla. A ƙarƙashin ƙafafunsa inji na ta ƙugi a hankali, har dardumar tana ɗan rawa. A raka'a ta biyu ƙugin ya tsaya, kamar yadda aka tsara. Ya ji ruwa na gangarawa cikin rariya. Sai kuma ya ji kukan yaro.

Kuka ne siriri, mai tsini, na yaron da abu ya taɓa ba zato. Ya fito ne daga ƙasa. Kuma gidan nan ba yaro a cikinsa, autarsu Hamdiya ma shekararta ashirin da ɗaya.

Da ya sallame sai ya tarar da matarsa Safi tsaye a ƙofar kicin, da ludayi a hannu.

"Maigida, ka ji abin da na ji?"

"Kyanwar maƙwabta ce," in ji shi.

Ta dube shi kawai, ta koma ciki.

Bari in gaya muku ko wane ne Bukari, don ku san abin da ya sa ya ɗora wa kyanwa laifi. Ɗan maƙera ne daga Damagaram. Shekara ashirin da bakwai ya yi a wata masana'anta a bakin garin Lyon, yana fidda ƙarfe iri ɗaya na cikin mota, safe da yamma, har bayansa ya ƙage aka sallame shi. Duk tsawon shekarun nan bai taɓa ƙera abu guda da zai ce nasa ne ba. Abin da ya gada wurin mahaifinsa tsohuwar bindigar toka ce, an toshe bakinta tun kafin ta shigo ƙasar, da takardunta. Ba ta harbi, ba kuma harbin yake so ba. Farantin tagulla mai zane da ke jikin ƙotarta ya cinye, kariyar kunamarta ta karye. Burinsa ya mayar mata da su da kansa, ta koma yadda ya san ta yana yaro.

To, hannun ya riga ya fara rawa, ba zai riƙe zarto ba. Sai wani tsohon abokin aikinsa ya bar masa inji, irin mai sassaƙa ƙarfe da kansa in an rubuta masa umarni a kwamfuta. Wata biyar Bukari yana shirya garajin: ya zuba siminti, ya ja waya, ya kafa teburi, ya jera ƙusoshi cikin gwangwanayen tumatir. Safi ta ce tun aurensu ba ta taɓa jin yana waƙa ba sai a watannin nan. Umarnin kuwa Hamdiya ce ke rubuta masa, tunda karatun injiniya take yi a jami'ar garin. In ta sauko daga taram, jirgin cikin gari, da yamma sai ta zauna kusa da shi, ya faɗa ta rubuta.

Injin na da ruwan da ke sanyaya shi, wanda ke ɗaukar zafi sosai in an daɗe ana aiki. Ɗaukar bokiti ya gagari bayan Bukari, don haka ya sa tiyo ya kai shi bakin rariyar da ke tsakiyar garajin. Shi ne ya ce wa 'yar, "Rubuta masa ya zubar da ruwan da kansa in ya gama. Ki daidaita ya gama lokacin da na hau salla, in na sauko in tarar da komai tsaf." Ta rubuta. A ganinsa dabara ce ya yi.

Washegari da magariba aka fara jifa. Ba duwatsu ba, ƙusoshi. Ɗaya bayan ɗaya suke dukan ƙofar garajin daga ciki, ƙwas, a yi shiru, ƙwas. In ya sauka ya kunna fitila, sai ya gan su warwatse a ƙasa, gwangwanayen kuma a rufe. Kwana uku bayan haka Safi ta tsinci burbushin tagulla a cikin tuwo, alhali tukunyar ba ta taɓa sauka garajin ba. Wani yammacin kuma suka ji ana magana ƙasa-ƙasa ta bututun wanke-wanke, kamar mace na rarrashi, ta gaji da rarrashin amma ba ta daina ba.

"Maigida, don girman Allah ka tsayar da abin nan," in ji Safi.

"Saura kaɗan farantin ya fito. Sati ɗaya."

Gaskiyar magana, Bukari ya sani. Wanda ya tashi a hannun uwa irin tasa, wadda ba ta taɓa watsa ruwan zafi a ƙasa ba tare da ta yi bisimilla ta ce "ku kauce" ba, ai ba sai an yi masa bayani ba. Amma ya gaji da bari. Ya bar garinsu, ya bar maƙerar ubansa, ya bar lafiyar bayansa a masana'antar mutane. Wannan guda ɗayan ne ya ce ba zai bari ba. Kowace magariba inji ya gama, ruwa ya gangara, shi kuma ya ƙara ɗaga murya a karatun salla.

Ranar Alhamis ta biyu Hamdiya ta dawo daga makaranta, ta ajiye jaka, ta zauna a matakalar garajin. Da uwar ta taɓa ta sai ta ji jikin zafi rau. Hannunta na dama ya dunƙule, yatsun sun shige cikin tafi, ba mai iya buɗe su. Aka kai ta wurin likita, aka ɗauki hoto, aka ce ba a ga komai ba, gajiyar karatu ce. Da rana tana lafiya, sai dai hannun. Rana na faɗuwa sai idonta ya kafe, ta riƙa jijjiga gwiwa kamar mai goyo a cinya. Ta daina zuwa makaranta, ta rame har wuyanta ya fito.

Tun ranar Alhamis ɗin Bukari ya kashe injin, amma abin bai saki ba.

Safi ce ta ɗauki salula ta kira Malam Hassoumi a Bobigny kusa da Paris, mutumin Tawa, wanda ya yi wa yayarta karatu shekarun baya. Ran Asabar ya shigo jirgin ƙasa daga Paris. Bukari ya tarbe shi a tasha, ya ga dattijo ɗan siriri cikin kwat mai kauri a kan jallabiya, da leda ɗauke da garin magarya da ya saya a kasuwar Château Rouge ta Paris. Aka gaisa, aka tambayi iyali da sanyi da hanya. Malam ya ce gwiwa ce dai ke damunsa, kuma wannan ne gida na uku a satin nan.

Bai ci abinci ba sai da ya sauka garajin. Ya dubi injin, ya bi tiyon da ido har bakin rariya, ya daɗe a nan. Sannan ya dubi Bukari. Bukari ya dubi ƙasa.

Bayan sallar magariba aka zaunar da Hamdiya a falo, uwar na riƙe da kafaɗunta. Malam ya jiƙa magarya a kwano, ya fara karatu da murya marar ƙarfi, ba gaggawa. Aka daɗe. Duhu ya cika tagogi, ba wanda ya tashi kunna fitila sai ta kicin da ke haskowa. Can sai yarinyar ta ja dogon numfashi, kanta ya sunkuya, wata murya ta fito daga bakinta, ta tsohuwa, a dishe.

"Ya isa, Malam. Ina jin ka. Ba kurma ba ce ni."

"Wa alaikumus salam in kin yi sallama. Musulma ce ke?"

"Kafin a haifi kakanka."

"A ina kika koyi Hausa a ƙasar nan?"

"A bututu. Shekara goma sha tara ina jin ta."

"To me yarinyar nan ta yi miki?"

Gwiwar na ta jijjiga. Da muryar ta amsa, ba faɗa a ciki, sai gajiya.

"Mun riga su zama a nan. Waɗanda suka zauna kafin su ba su taɓa ce mana komai ba. Su zuba tafasasshe, su zuba mai guba, ba sanarwa. Ba mu ji haushi ba, ba su sani ba. Muka koyi nesa da rariya, muka hana yaranmu zuwa wurin. Sai matar nan ta zo." Kan yarinyar ya ɗan juya wajen Safi. "Ko ruwan taliya za ta tsiyaye sai ta yi bisimilla, ta ce mu kauce. Shekara goma sha tara ba ta manta ko sau ɗaya ba. Sai muka saki jiki. Na bar jikana yana wasa a bakin rariya, don na san za a faɗa. Ku kuka koya mana yarda, Malam. Sannan kuka kawo abin da ba shi da baki."

Safi ta fashe da kuka, ba ta saki kafaɗun ba.

"Yaron ya rasu?" in ji Malam.

"Yana nan. Bayansa ya saluɓe. Ba ya barci, ni ma ba na yi."

"Allah ya ba shi lafiya. An yi muku laifi, ba musu. Amma inji ne ya zuba, ba yarinya ba."

"Ƙarfe ba ya niyya. Na bi sawun maganar har na samu hannun da ya rubuta ta. Shi na riƙe."

Malam ya buɗe baki zai amsa, sai Bukari ya riga shi.

"Ni na ce ta rubuta. Ni na zaɓi magariba. Na ji kukan tun ranar farko, na ce kyanwa ce. Na ƙara kwana goma sha biyu ina zubawa." Ya miƙa hannunsa mai rawa. "Ga wanda ya yi. Ki sake nata."

Muryar ta yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"In yi me da wannan? Ai an riga an cinye shi. A'a, ɗan maƙera. In kana so in tafi yanzu, ka rantse ba za ka ƙara sa ƙarfe ya ci ƙarfe ba. Ba a gidan nan ba, ba a wani ba, har ka mutu."

"Kul, Bukari," in ji Malam, ya ɗaga hannu. "Ba a ƙulla alkawari da su. Ka ba ni kwana uku da karatu, da yardar Allah za ta fita ko tana so ko ba ta so."

"Zan fita," in ji muryar. "Amma ka tambaye shi yadda kwana ukun suke a jikin yarinya."

Bukari ya dubi Malam. Malam bai ce ƙarya take ba. Ya dubi 'yarsa, ya ga leɓenta ya tsage, ya ga faratan sun huda tafin hannun har jini ya bushe a wurin. Ya tuna farantin da ke ɗaure a kan injin, rabin zanen ya fito, kyakkyawa, irin na ubansa sak. Wallahi ya so abin nan. Ya so shi fiye da yadda zai iya faɗa wa kowa a ɗakin.

"Na rantse da Allah," in ji shi.

"Innalillahi," in ji Malam a hankali, ya sauke hannu.

"Na ji," in ji muryar. "Ke kuma, uwar gida, ki ci gaba da faɗa. Ba don mu ba, mu mun tashi. Wasu za su zo." Yarinyar ta yi atishawa sau uku. Ƙaramin yatsanta ya motsa, sannan na kusa da shi, har tafin ya buɗe a kan cinyarta. Ta kwanta jikin uwarta, barci ya ɗauke ta.

Da safe Bukari ya raka Malam tasha. Da zai shiga jirgi Malam ya ce, "Ban so ka rantse ba. Amma tunda da Allah ka rantse, to ka riƙe."

Ya dawo ya sauka garajin, ya zare wayoyi, ya naɗe tiyo. Yana cikin warware wani tsohon bargo sai ya ji taku a matakala. Hamdiya ce, sanye da rigar sanyin uwarta, hannun a naɗe da bandeji. Ba ta tuna komai ba, Safi ce ta ba ta labari. Ta tsaya tana kallon farantin da bai ƙarasa ba, idonta ya cika.

"Baba, ai layi ɗaya ne. Layi ɗaya kawai zan ƙara a umarnin injin, ya tsaya ya jira ka kafin ya zubar, sai ka yi bisimilla ka danna da kanka. Minti biyu ba zai ɗauke ni ba. Me ya sa ba ka ce ba?"

Ya ci gaba da warware bargon.

"Na ji kunyar in gaya miki dalili, auta. Ke mai karatun injiniya."

"Da ka ce, Baba. Wallahi da na rubuta."

"Na sani."

Ya miƙa mata gefen bargon. Ta kama, suka ja shi tare suka rufe injin, sannan ya ce ta hau sama ta karya kumallo, shi zai ɗan zauna tukuna.