Abin da Akwatin Haladu Ke Ci

Duk mahaucin da ya yi aiki a mayankar Abattoir wajen 2006 ya san Haladu mai ɗakin sanyi, mutumin da ko gaisuwa ba ya bayarwa kyauta. Wuta ba ta zama, janareta na shanye masa dizal, nama na wari.

Injiniya Nkiruka, mai haɗa masa wayoyi, ta ba shi labarin wani injin ƙasar waje: farantan yumɓu ne a jere, su yi ja da zafi, su ci gas su ba da lantarki, babu ƙara. "Amma oga, kilowat talatin kake bukata. Yawan farantai, yawan gas. Ba ya aiki da yunwa."

Haladu ya yi tsaki. Wuta yake so, ba sayen gas ba.

Da tsakar rana ya gangara wani tsohon ramin kuza a bayan Bukuru. Boka na zaune kan fatar baƙin bunsuru, gabansa tukwane bakwai a kife, jini ya bushe a gindinsu, ƙudaje sun ƙi sauka.

Haladu ya ce masa inji yake so mai ba da wuta ba tare da gas ba. "Gida nawa zai haska?" in ji boka.

"Ɗakin sanyina, da layinmu gaba ɗaya. Sayar musu zan yi."

"Babba kake nema. Babba cinsa da yawa."

"Me yake ci?"

"Ɗumi. A gidanka zai nema."

Sakaran ya ƙyalƙyale da dariya. "Ɗumi kawai? Baba, ƙara masa tukunya."

Boka ya jera tukwanen cikin akwatin ƙarfe, ya sa Haladu ya hura musu numfashi sau uku, ya rufe.

Akwati ya kawo wuta. Wata shida, sai ga bene, ga motoci biyu. Sai 'yarsa Kausar ta fara karkarwa cikin zafin Maris. Bargo uku, garwashi a ɗaki, amma jikinta kamar ƙanƙara. Ran sadakar ukunta Haladu ya ja wa gida ashirin waya. Ƙaninsa Mahdi ya bi ta, sannan mahaifiyarsa. Matarsa Kubra ta zauna cikin murhu tana ihu, "Sanyi, Alhaji! Sanyi!" Da sarƙa danginta suka tafi da ita.

Gida ya zama kango, sai shi kaɗai. A lokacin ya nemi makunni ya kashe akwatin. Babu. Mahauta suka tsince shi a sandare, haƙora a waje, yatsunsa manne da murfin. Mutum shida suka je jana'izarsa.

Kai mai haɗamar neman na banza, ka ji: babu wutar da ke ci ba mai. In ba daga aljihunka ba, daga jinin gidanka za ta sha.