Kumburin Ganyen Dardar

Magariba ta kawo jiki a unguwar Ma'adi, Batulu na kwashe shanya a bayan gida, sai dutse ya faɗo gabanta. Ta ɗaga kai. Babu kowa, sai bishiyar da Misirawa ke kira dardar, tsaye shiru. Duk bazara wani ɗan ƙuda mai kama da sauro kan zuba ƙwai a ganyenta, jijiyar ganyen ta kumbura kamar kwanson wake, 'yan tsutsotsi na kwance a ciki. Bana kuwa kumburin duk ya bushe ya yi baƙi.

Daga ranar gida ya ƙi zaunuwa. Rana na faɗuwa sai jifa a taga, sai siririn kuka daga cikin rassa. Ana haka 'yarsu Kausar ta yanke jiki ta faɗi, bakinta ya rufe.

Maigidan, Munir, ma'aikacin ofishin jakadanci ne, mutum mai son a ce komai nasa tsaf yake. Shi ya yanke hukunci.

"Ke ce. Kin watsa ruwan zafi a gindin bishiya babu bismillah."

Batulu ba ta tuna ta yi ba, amma ta yarda, don ba ta taɓa kama shi da ƙarya ba. Baiwar Allah ta rame ta lalace, ko ido ba ta iya haɗawa da 'yarta.

Aka ɗauko Malam Ya'ƙub mai ruƙiyya daga unguwar Hayyus Sabi'. Ya daɗe yana karatu kafin Kausar ta miƙe zaune, muryar wata tsohuwa ta fito daga bakinta.

"Wace ce ke?" in ji malam.

"Maƙwabciya. A cikin kumburin ganyen nan nake rainon 'ya'yana."

"Uwar yarinya ta tuba. Ki fita."

"Uwar? Me ta yi mini? Maigida za ka tambaya. Na je masa a mafarki, ya rantse ba zai taɓa ganyen ba. Da zai yi manyan baƙi, sai ya ce bishiyar ta yi muni, ya feshe ta da magani, ya kashe mini 'ya'ya."

"Ki ji tsoron Allah, yarinya ba ta da laifi."

"Ya amsa laifinsa da bakinsa, khalas, shi ke nan, in tafi. In ya ƙi, da ita zan tafi."

Kausar ta fara kakari. Batulu ta juya ta dubi mijinta. Ya dubi malam, ya dubi ƙofa, kamar mai lissafin wa da wa za su ji labari. Numfashin yarinya na sarƙewa, idonta na juyewa, shi kuwa yana gyara zaman hula. Sai da malam ya daka masa tsawa sannan ya ce, can ƙasan maƙoshi, "Ni ne."

Kausar ta yi atishawa, ta zube a kan tabarma, numfashinta ya dawo.

Munir ya matso yana miƙa hannu. "Ma'alish, yi haƙuri, Batulu..."

Ƙaryar ta yi mata ciwo, amma abin da ya kashe mata zuciya shi ne tsawon shirun da ya yi yana kallon 'yarsa na mutuwa. Ta rungume Kausar, ko kallonsa ba ta yi ba.

"Tsaya daga nan," ta ce. "Kada ka taɓa ta."