Kula da Sarkinka

Me ya sa a wasan ces ake gargaɗi kafin a kama sarki? Ku matso, ga tatsuniyarsa.

Wai a da can, shiru ake cafke sarki. Wata yarinya kullum tana wasa da kakanta, suna tsokanar juna da ango da amarya irin na kaka da jika, kullum yana cinye ta. Yakan ce, "Amarya, ranar da kika ci ni, na tsufa, na daina."

Ran nan idonsa ya gaza, ya bar sarkinsa a fili. Ta miƙa hannu, ta dubi furfurarsa, ta janye.

"Angona, kula da sarkinka."

Ya yi dariya, ya kautar da shi.

Washegari suka buga, washegarinsa ma suka buga. Maƙwabta suka gani, suka ɗauka.

Bari in leƙa ƙannenku, na ji kuka.