Munduwar Da Ta Yi Baƙi

Na dire munduwar a kan teburinsa har kofin shayinsa ya girgiza.

"Bihi, ka gane ta?"

Ya ɗago kai a hankali. Gemu ya yi fari, amma idanun nan suna nan, waɗanda nake gani a mafarki shekara arba'in.

"Ijja..."

"Kar ka Ijja ni. Ka gane ta ko ba ka gane ba?"

Ta azurfa ce, shi ya ƙera ta da hannunsa, a wannan rumfar ta kasuwar garinmu Tiznit, ya zana mata 'yan kurciyoyi. Ranar baikonmu ya sa min, tana sheƙi kamar wata ya faɗo a hannuna. Kwana goma ta koma baƙa ƙirin.

Uwarsa ta ɗaga hannuna a gaban mata. "Azurfa ba ta ƙarya. Jinin yarinyar nan akwai cuta."

Aka fasa auren.

Ni ban yi makaranta ba, amma na san abin da ya ci ta. Ƙanwarsa Tlaytmas ce ƙazwa ta cinye wa baya, ga bikinta ya matso. Kullum da hantsi ina shafa mata farar wuta da man zaitun a ɓoye, bayan ta sa na rantse ba zan faɗa wa kowa ba. Azurfa kuwa ko warin farar wuta ta ji, sai ta yi baƙi.

"Kai maƙeri ne," na ce. "Ka shinshina ta ranar, ina kallonka."

"Na sani tun a lokacin," ya ce, murya can ƙasa. "Da na yi magana, auren Tlaytmas ne zai mutu."

"Sai ka kashe nawa."

"Da nawa, hasken idona. Kin ga mace a gidana?"

Ƙirjina ya buga kamar na 'yar sha bakwai. Na ji haushin kaina.

Ya miƙo hannu. "Bari in wanke ta. Toka da lemon tsami, yanzu ta dawo."

"Tsoho, ba wanki ya kawo ni ba. Tlaytmas ta aurar da jikoki, ni har yau ana ce min mai baƙin jini. A gaban mutane aka ɓata ni."

 Sai ya dafa gwiwa ya miƙe, ya fita tsakiyar layin maƙera, ya buga guduma a faranti har kowa ya ajiye aiki.

"Jinin Ijja lafiya lau yake. Ciwon gidanmu ta yi jinya, ni na sani na yi shiru. Kuma ina neman aurenta, in za ta karɓi matsoraci."

Wani ya ce, "Sai yanzu, Bihi?" Aka yi dariya.

Ya dawo ya zauna yana goge munduwar. Hasken ya riƙa fitowa kaɗan-kaɗan, ƙamshin lemo ya cika rumfar, na ji kamar hantsin baikon ne bai wuce ba.

Da ya kai kan zanen, na riƙe hannunsa.

"Bar baƙin da ke cikin ramukan. Sai da shi kurciyoyin suke fitowa."

Ya sa min ita. Ta ɗan matse, amma ta shiga.