Bawul a Mashigar Ruwa

Ana gab da magariba tsakuwar farko ta faɗo kan teburin falo. Fara ce, jiƙaƙƙiya, irin wadda ke shimfiɗe a gindin tankin kifin maigidan. Murfin tankin kuwa a rufe yake ruf.

Dole a faɗi yadda abin ya faro, don laifi ya zauna inda ya dace. Tankin gilashi ne babba, a ƙarƙashinsa akwai ƙarami inda ruwa ke sauka a tace shi, inji ya sake turo shi sama. Ruwan ya cika ƙarfi, yana wujijjiga kifaye, ƙararsa na hana maigidan jin labarai. Sai ya sayo bawul, abin murɗawa na rage gudun ruwa. Wurin bawul shi ne bututun da ruwa ke fita daga inji. Can ake rage gudu ba a cuci komai ba. Shi kuwa ya ɗaura a mashigar injin, don nan hannunsa ya fi kaiwa, ya murɗa har ƙarar ta mutu, ya fita harkarsa. Inji ya yini yana zuƙar iska yana ɗaukar zafi. Ruwan ƙasa ya yi zafi, na sama ya tsaya cik. Da ya dawo, kifaye sun juya ciki sama.

Kallo ɗaya ya yi ya gane. Amma Umma na tsaye, Auta kuma na gefen tankin riƙe da gwangwanin abincin kifi.

"Ke kika taɓa bawul ɗin nan!" Ya kwashe Auta da mari.

Washegari aka fara jifan. Kowace magariba tsakuwa na zubowa, wani abu na kuka siriri a cikin bututu. Sannan numfashin Auta ya fara sarƙewa, maƙogwaronta na gurguri kamar inji ba ruwa. Asibiti ba su ga komai ba. Maigidan ya daina haɗa ido da kowa, Umma ce ta je ta ɗauko Malam.

Malam ya zauna ya daɗe yana karatu, duhu na shigowa ta taga a hankali. Can Auta ta miƙe zaune. Muryar tsohuwa ce ta fito daga bakinta.

"Ya isa, Malam, kana ƙona ni."

"Wace ce ke?"

"Uwa ce. Ɗana a tankin ƙasa yake kwanciya, don sanyi. Ko ƙwayar abincin kifinsu ba mu taɓa ci ba. Aka shaƙe ruwan, aka dafa min shi a hankali."

"Yarinyar me ta yi miki?"

"Ba na nan aka yi. Na dawo na ji ubanta ya ce ita ce, har da mari. Uba zai yi wa 'yarsa ƙarya ne?"

Leɓɓan Auta sun fara yin baƙi. Malam ya juyo ya dubi maigidan.

"Ni ne," in ji maigidan.

"Ɗaga murya, gwanin gyara," in ji tsohuwar. "Ran nan ai har maƙwabta sun ji ka."

"Ni na ɗaura, ni na murɗa."

Tsohuwar ta nemi a ba ta numfashinsa duka. Malam ya ce kuskure ne, ba a biyan kuskure da rai.

"Ƙaryar fa, ita ma kuskure ce?"

Malam ya sunkuyar da kai.

"To zan murɗa numfashinsa kaɗan, yadda ya yi wa ruwan. Ya mayar da bawul mafita, kada ruwan nan ya ƙara tsayawa."

Maigidan ya gyaɗa kai. Auta ta yi atishawa mai ƙarfi, ta ja iska har cikinta, ta fashe da kuka a jikin Umma.

Tun daga ranar maigidan ba ya iya hawa bene sai ya tsaya ya dafa bango. Ya gyara bututun, ya zuba sababbin kifaye, ya saya wa Auta keke. Amma "yi haƙuri" har yau ba ta fito daga bakinsa ba. Umma kan ce numfashi ne ba ya isarsa. Ba gaskiya ba ne. Maganar gajera ce, abin da aka bar masa ya ishe ta, kuma yarinyar tana jira.