Farin Dutsen da Nemesio Ya Ɗauko

Da rani ƙanina Nemesio ya dawo daga birnin Lima da takalman tsada da jakar goyo sabuwa fil, ya ce in ƙetara da shi ta mashigar tsaunin garinmu. Raka masu hawan tsauni sana'ata ce, na ce to.

A ƙololuwar mashigar akwai tarin duwatsu. Kowa kan ɗauko dutse tun daga ƙasa, ya ajiye a nan da ganyen koka, wanda muke taunawa don rage gajiya, ya bar gajiyarsa a ciki. Na ajiye nawa. Shi kuwa yana can yana ɗaukar hoto.

Rana na faɗuwa muka fara sauka. Gangara ce, amma sai haki yake.

"Yaya Fortunata, jakar nan ta ƙara nauyi."

"Kajin birni ne suka yi maka nauyi. Taka, malam!"

Sai wani wari ya buge ni. Jiƙaƙƙen ulu da tsohuwar taunar koka. Na kasa kunne. Mu biyu ne, amma numfashi uku nake ji.

Ya zauna, leɓɓansa sun yi shuɗi. A wannan tsayin, wanda ya zauna ya rufe ido, gawarsa ake saukowa da ita a kan alfadari.

"Me ka ɗauko a can?" na raɗa masa.

"Wani farin dutse... tsarabar budurwata."

"Wawa! Gajiyar wani ka sato!"

Igiyoyin jakar suka ja shi baya. Babu kowa a bayansa.

Wata tsohuwar murya ta ce a hankali, "Shi ya ɗauka. Bar shi ya kwanta."

Tsoro ya zo, amma ya tarar fushi ya riga shi. Na zazzage jakar, na cafke dutsen. Ɗumi gare shi, kamar ƙwan da kaza ta tashi a kai. Nan take nauyin ya dawo kaina.

"Tashi, Nemesio! Sauka, kada ka waiwaya."

Ni kuma na juya sama da dutsen.

Kowane taku, abu na daɗa hawa kafaɗata.

Numfashi a ƙeyata.

"Zauna, 'yata," in ji muryar. "Kaɗan kawai."

"'Yarka? Ka ci gidanku! Da goyo a baya da buhun dankali na hau hanyar nan. Kai wane ne?"

Da rarrafe na isa. Na dangwarar da dutsen a kan tarin, na tofa masa kokar bakina.

"Ga kayanka. Ƙanina ba naka ba ne."

Numfashin ya ɗauke.

Nemesio ya rayu, sai dai sanyin tsaunin ya cinye masa yatsun ƙafa biyu. Ni kuma kafaɗata ta hagu ba ta sake daidaita da ta dama ba. Mutanen gari sun ce in haƙura da mashigar nan. Jibi ma ina da masu hawa. In mai muryar nan yana da sauran magana, ya san inda zai same ni.