Ranar da Aka Rufe wa Ndahiro Hanya

Sebahire munafuki ne, kowa ya ji! Ya sa kwat ɗinsa fes, ya zauna ya shirya kunyata yaron da bai tare masa komai ba.

Giramata tana raba wa baƙi katin wuya a manyan tarurrukan da suka cika Kigali. Wata safiya ta makara, ta tsai da wani ɗan acaɓa mai jar riga. Ya miƙo mata hular kwano yana murmushi.

"Za ta ɓata min kitso."

"Gara kitson da kan, Madam Kati."

Dariya ta yi ta yi har ƙofar otal. Sunansa Ndahiro. Tun daga ranar shi ke kai ta, shi ke ɗauko ta.

Mahaifinta, Baba Kayiranga, ya ce atafau. "Ga Sebahire mai tsara wa baƙi motoci yana son ki, ki kwaso min mai warin fetur?"

Sai da yayarsa ta wanke shi tas, sannan ya yarda dangin Ndahiro su zo neman aure. Sebahire ya yi kamar ya haƙura, har da zaɓa musu rana: "Asabar ta uku, ƙarfe goma. Gari shiru."

Shiru a gidan wa? Takardar rufe hanyoyi tana aljihunsa! Ranar 'yan kasuwa dubu huɗu ke sauka taro.

Aka kafa rumfa, aka jera madara, dattawa suka zauna. Sha biyu ta wuce, ɗaya ta wuce. Baba Kayiranga ya miƙe. "Wanda ya shanya min dattawa ba zai ga 'yata ba."

Giramata na ɗaki tana hawaye, wayarta ta yi ƙara, saƙon Ndahiro ne.

"Madam Kati, 'yan sanda sun tare motocinmu. Kar ki cire adonki. Ina tafe ko da rarrafe."

Ta rubuta: "Jar Rigata, ko gobe ka iso, ina nan."

Can sai ga ruri daga bayan tudu. Babura talatin, duk abokan Ndahiro, sun biyo lunguna, kowanne da dattijo a baya. Kakan Ndahiro ya sauko, ya manta hular kwano a kansa, ya miƙa kwalbar abin sha ta ban haƙuri, kamar yadda al'ada take.

"Mun yi laifi, surukai. Shekarata tamanin, yau na fara hawa wannan shaiɗanin abin saboda 'yarku."

Rumfa ta kwashe da dariya. Baba Kayiranga ya dubi tsohon, ya dubi Ndahiro sharkaf da gumi, ya karɓi kwalbar.

"Cire masa hular, ku zauna. Na ba ku."

Aka amshi saniyar aure, aka fito da amarya. Ndahiro ya raɗa mata, "Yau kitson ya tsira."

Allah ya ba su shanu da 'ya'ya, ya bar su tare har tsufa.

Amma Sebahire ya sulale ta bayan rumfa. A kirawo shi gaban dattawan nan da ya shanya a rana, ya faɗa da bakinsa wa ya aike shi!